Abincin Lahadi a Gidan Bodil

Na gasa kifi, na dafa dankali da ɓawonsa,
iskar Esbjerg na ta ƙwanƙwasa taga
kamar mai bin bashi.

Gunhild ce ta fara isowa, da Asger, da yara uku,
takalmin autan yana leƙe daga aljihun uban.
Tana masa magana ba ta dubansa,
maganar shekara goma sha huɗu,
wadda tun kafin a buɗe baki an san ƙarshenta.

Solvej ta zo a makare, a kan keke,
Tyge a akwatin gaba, a naɗe kamar burodi mai zafi.
Sai da ta kai talatin da tara tana jiran wani,
ran nan ta daina.
Ta hau jirgin ƙasa zuwa Aarhus,
ta cike takardun asibiti,
ta zaɓi uba a cikin lambobi:
dogo, mai son kiɗa, ba ciwon zuciya a danginsa.
Ta dawo ta ce, Mama, na yanke shawara.
Ban tanka ba har shayina ya huce.

Yau ma a kan tebur aka tono maganar.
Gunhild ta ce, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.
Solvej ta ce, gidana bene ne, hawa na uku,
kuma kullum ni nake hawa da shi a kafaɗa.

To ranar da zazzaɓi ya kayar da ke fa?
Ranar da ya ce ina babana,
lamba za ki nuna masa?

Gaskiya zan ba shi, daidai bakinsa.
Ni dai a gidana ba mai buga ƙofa don fushi,
ba mai kwana a kujerar falo.

Asger ya sunkuya yana cire ƙayar kifi
a wurin da babu ƙaya.

Suka juyo gare ni, wai ni ce alƙali.

Shekara arba'in da ɗaya na yi da zobe.
Ejnar mako uku a teku, kwana huɗu a gida,
biyu a ciki na barci ne.
Na haifi Gunhild yana can wajen Iceland,
na haifi Solvej yana murya a cikin rediyo.
Ni na tsaya kan ƙyanda, ni na tsaya kan lissafin makaranta,
ni na koya musu keke a bakin tashar jirgi,
ina gudu a baya da takalmin gida.
A takarda mu biyu ne.

Amma in rigarsa na rataye a ƙusa,
tana ɗigar gishiri a kan dabe,
barcina daban ne.
Akwai wanda zan taɓa cikin duhu in ce,
ka ga abin da 'yarka ta yi yau?
Ko bai amsa ba, ya ji.

Wannan ne Solvej ba ta da shi.
Ni take kira ƙarfe biyu na dare
don ta ce haƙori ya fito.
Ina murna, in ajiye waya,
in kwanta ina ƙirga shekaruna saba'in da huɗu.

Ban faɗi ko ɗaya ba.
Na ce miyar za ta sandare, ku ci.

Da za su tafi, Asger ya ɗora Tyge a wuya,
yaron ya kama kunnuwansa biyu kamar linzami.
Gunhild, fuska a ɗaure,
ta zuba sauran kifin a kwano,
ta zaɓi tsoka mafi kauri,
ta tura a jakar ƙanwarta.

Na wanke faranti takwas.
Ƙusar tana nan bayan ƙofa,
yau hular Tyge aka manta a kanta.